Injina yana nishi idan na yi lodi: ringi ne ko farfela?

Ɗan Fito, Guri: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga ruwa. Bayan babbar sallah na sayar da bijimina da babur ɗina, na haɗa kuɗin na sayi injin Yamaha mai doki 40, na hannu, wanda aka kawo daga kudu. Jirgina na katako ne, tsawonsa ƙafa 35. Idan ni da yarona ne kawai a ciki, inji lafiya lau, kukansa garau. Amma da zarar na ɗora buhun shanshera 18 da mutum biyar ko shida, sai murya ta canza. Ko na murɗe totur har ƙarshe sai ya riƙa nishi kamar sa yana jan garma a busasshiyar fadama. Hayaƙi ya yi yawa, mai yana tafiya kamar an huda tanki, fulogi kuwa sau biyu na canza a wata ɗaya, duk sun yi baƙi ƙirin. Makaniken garinmu ya ce a buɗe inji a sa sabon ringi. Ni kuma gabana yana faɗuwa, don wannan injin shi ne jarina gaba ɗaya. Ku taimaka mini.

Mai Yashi, Wudil: Wa alaikumus salam. Kafireto ne ɗan'uwa. A wanke shi, a duba ko man da kake saya yana da ruwa.

Makanike, Haɗeja: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bari kowa ya sa sifana a kan injin nan tukuna. Injin da ringinsa ya mutu ba ya jiran lodi kafin ya nuna, tun daga tayarwa za ka gane shi. Ka je bakin ruwa ka ɗaga ƙafar injin, ka goge jikin farfelar. Akwai lambobi da aka buga a jikinta, wani lokaci a gefe, wani lokaci a ciki wajen noti. Ka karanto mana su.

Ɗan Fito, Guri: To Injiniya, yanzu na dawo. Na kankare da wuƙa na gani. An rubuta 11 1/8 x 13 sai harafin G.

Makanike, Haɗeja: Alhamdu lillahi, ga ɓarawon nan mun kama. Lambar farko, 11 da ɗoriya, faɗin farfelar ne da inci, wato da'irar da kunnuwanta suke zanawa idan tana juyawa. Ta biyu, 13, ita ce abin da nake kira takunta. Ka ɗauki kusa mai zare da kake murɗawa cikin katako: duk juyi ɗaya akwai iya nisan da take shiga. Haka farfela take a ruwa. Mai taku 13, a lissafi, duk juyi ɗaya tana son ta yi gaba inci 13. Harafin G kuma dangin farfelar ne, shi ke nuna za ta shiga sandar injinka.

Wannan farfelar da aka ba ka an yi ta ne don ƙaramin jirgin roba mara nauyi, irin wanda ke ɗaga kai ya hau saman ruwa yana gudu a Warri ko Fatakwal. Kai kuma ka ɗaura ta a jirgin katako mai ɗauke da abin da ya haura tan ɗaya da rabi. Daidai yake da direban tifa ya cika yashi, ya zo fitowa daga cikin kogi, ya saka giya ta biyar. Injin mota yana da giyoyi da za ka canza. Injin jirgi giya ɗaya tak gare shi ta gaba, don haka farfelar da ka zaɓa ita ce giyar da za ka zauna a ciki har ranar da ka cire ta.

Baba Sarkin Ruwa, Tiga: Yaro, ina jin bayaninka, amma bari in ce wani abu. An gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, ina saurayi na fara shiga ruwan nan da filafili. Abin da muka gani wajen waɗanda suka fara kawo inji shi ne, mai kaya da yawa babbar farfela yake nema. Yanzu kai kana so ka ce ya koma ƙarama? Ƙaramin ƙarfe zai tura buhu 18?

Makanike, Haɗeja: Allah ya ƙara girma Baba. Maganarku gaskiya ce, kuma ba ta saɓa da tawa ba. Girman da kuke nufi faɗi ne, kuma lalle mai kaya yana buƙatar faɗi, don kunnuwa masu faɗi su ne ke kama ruwa da yawa. Abin da nake cewa a rage shi ne taku. A dangin G ɗin nan akwai 11 5/8 x 11, akwai 12 1/4 x 9. Ku duba Baba, yayin da taku yake sauka, faɗi hawa yake yi. In aka ajiye muku mai 9 da mai 13 a kan tabarma, mai 9 ɗin za ku nuna ku ce ita ce babba.

Baba Sarkin Ruwa, Tiga: To madalla. Ashe hanya ɗaya muke, sunan ne ya bambanta. Ci gaba.

Ɗan Fito, Guri: Injiniya, to wacce zan saya, mai 11 ko mai 9? Kuɗin da ya rage mini bai kai in sayi biyu ba.

Makanike, Haɗeja: Kada ka saya da ka. Kamfanin ya rubuta cewa injinka, idan an buɗe masa totur duka, ya kamata ya riƙa juyi tsakanin 4,500 zuwa 5,500 a minti ɗaya. A nan ne yake ba da dokinsa 40. In yana ƙasa da haka, dokin da ka biya kuɗinsu ba duka ne suke aiki ba. Sai mun san inda yake yanzu. Akwai ɗan agogo kamar akwatin ashana, mai waya guda da ake naɗawa a jikin wayar fulogi, yana nuna juyin inji. Masu gyaran janareta da yawa suna da shi. Ka ara ko ka yi haya. Ka yi gwaji biyu, ɗaya babu kaya, ɗaya da irin lodin da kake ɗauka kullum. A fili mai zurfi za ka yi, inda babu ciyawar kacala, ka buɗe totur na minti ɗaya, ka rubuta lambar.

Baba Sarkin Ruwa, Tiga: Mu da kunne muke ganewa. Inji mai lafiya yana da waƙarsa.

Malamin Firamare, Auyo: Baba, kunnenku ya yi shekara da shekaru yana saurare. Ɗan'uwanmu wata uku ke nan da sayen inji, bai taɓa jin waƙar injinsa ta gaskiya da kaya ba, to da me zai gwada? Gara ya ari agogon, in ya so daga baya kunnensa ya koya.

Ɗan Fito, Guri: Na samo agogon wajen wani mai gyaran injin ban ruwa. Amma akwai abin da ya ruɗa ni. Inji yana tsaye yana silo, agogo yana nuna 2,000.

Makanike, Haɗeja: Saitin agogon ne. Yana ƙirga tartsatsin fulogi ne, in ba a daidaita shi da irin injin ba sai ya ninka lissafi ko ya raba biyu. Silon injinka wajen 1,000 ne. Danna maɓallin, ka yi ta canza saiti har ya nuna kusa da haka, sannan ka fita gwaji. Kuma don Allah kada ka yi ta zuga inji babu giya, kada kuma ka tayar da shi ƙafarsa a waje. Robar da ke jan ruwan sanyaya inji ba ta jure bushewa ko na ɗan lokaci.

Ɗan Fito, Guri: An gyara. Ga sakamako. Ni da yarona kawai: 4,800. Da buhu 18 da mutum biyar: 3,900. Na kuma buɗe manhajar da ke nuna gudu a waya, da kaya muna yin kilomita 16 a awa.

Makanike, Haɗeja: Ka ga abin da nake tsoro. 3,900 da totur a buɗe. Kafireto yana zuba mai iya ƙarfinsa, fistin yana son ya gudu, farfela ta riƙe shi. Man ba ya ƙonewa yadda ya kamata, shi ne baƙin fulogin da hayaƙin. Zafi kuma yana taruwa a kan fistin, datti yana cika ramin ringi har ringin ya maƙale. Da ka ci gaba a haka, maganar makaniken garinku za ta zama gaskiya, kuma ko an sa sabon ringi, in farfelar nan tana nan, sabon ma hanyar tsohon zai bi.

Ƙa'idar da muke aiki da ita: duk inci ɗaya da ka rage a taku, inji yana ƙara juyi kamar 150 zuwa 200. Kana 3,900, kana neman aƙalla ka haura 4,500. Mai 11 za ta kai ka wajen 4,300, ba ta isa ba. Ni mai 9 nake gani.

Malamin Firamare, Auyo: Bari in sa alli a maganar, don wanda ke son ganin lissafin. Giyar ƙafar injin nan biyu-da-ɗaya ce, inji ya juya sau biyu, farfela ta juya sau ɗaya. To 3,900 raba biyu, 1,950 ke nan a minti. A ninka da inci 13, a mayar kilomita, zai ba da kusan 39 a awa. Wannan shi ne gudun da farfelar take nema. Jirgin kuma 16 yake yi. Fiye da rabin aikinta ke nan yana tafiya a dama ruwa kawai. Dole ne a sami ɗan santsi, tunda ruwa ba katako ba ne, amma wannan ya yi yawa. Ɗan'uwa, shawara ɗaya: idan za ka auna gudu a kogi, ka auna zuwa da dawowa ka raba biyu, don ruwan Haɗeja da damina yana da ja, zai iya yi maka ƙari ko ragi.

Mai Yashi, Wudil: Ni fa ban gamsu ba. Da hankali dai, in ka rage taku ka rage gudu. Mutum ya sayi doki 40 don ya riƙa tafiya kamar mai tura gora? Kuma inji yana ihu a 5,000 ai mai zai fi sha. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, kowace lita sai da lissafi muke ƙona ta.

Makanike, Haɗeja: Yaya Mai Yashi, tambayarka tana kan hanya. A jirgi mara nauyi, e, rage taku yana rage gudu. Amma a jirgin da kaya suka danne, injin da ya samu ya kai juyinsa yana fitar da ƙarfin da a da yake a ɗaure, sau da yawa sai ka ga gudun bai ragu ba, wani lokaci ma ya ƙaru. Batun mai kuwa, ba cewa na yi ya riƙa yawo a 5,000 ba. Buɗe totur duka gwaji ne kawai, don a san farfela ta dace. Bayan nan sai ya dawo da hannunsa kashi uku cikin huɗu ya yi aikinsa. Kuma ku masu jirgin katako kun fi ni sanin wannan: akwai gudun da in jirgi ya kai, duk totur ɗin da ka ƙara sai dai gindi ya nutse, kai ya ɗaga, igiyar ruwa ta tashi a baya tana dukan gaɓa. Man da ka ƙara a nan igiyar ruwa ka saya da shi.

Mai Yashi, Wudil: Wannan na ƙarshen kam na sha gani. Amma sai na ga sakamako. Gani ya kori ji.

Malamin Firamare, Auyo: Akwai wani abu kuma da ba a ambata ba. Injin nan a bakin teku ya yi rayuwarsa. Mu nan mun fi teku tudu, Kano ta kusa mita 500. Inji yana rasa wajen kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, saboda iska tana yin sirara, zafi ma yana ƙara rage ta. Ba wani abu ne mai yawa ba, amma duk yana nuna ɓangare ɗaya: farfelar da ta yi daidai a can, a nan za ta ɗan yi nauyi.

Hajiya Mai Kifi, Haɗeja: Salamu alaikum. Ni ba na shiga ruwa, ɗana ne ke tuƙa jirginmu, amma ni nake biyan kuɗin gyara, don haka ina bin maganar nan da kyau. Namu ƙarami ne, mai doki 15. Matsalarmu kishiyar tasa ce. Idan an murɗa totur sai inji ya yi ƙara sama, jirgi kuma ba ya gaba. A hankali yana tafiya, da an matsa sai ya saki. Shi ma takun ne?

Makanike, Haɗeja: Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan da wuya ya zama taku. Abu biyu nake zargi. A tsakiyar farfela akwai roba da aka matse tsakanin jikinta da ƙarfen da ke kama sanda. An sa ta ne don in an daki kututture ita ta saki, giya ta tsira. In ta taɓa saki, to ta riƙa zamewa ke nan duk lokacin da aka matsa mata. Ki sa yaron ya ja layi ɗaya da ƙusa daga ƙarfen tsakiya zuwa jikin farfelar, ya fita ya dawo ya duba. In layin ya rabu biyu, robar ce. Na biyu, wataƙila an ɗaura injin ya yi sama, farfela tana shaƙar iska. Akwai faranti a saman farfela, ya kamata ya zo daidai da ƙasan jirgi ko ya ɗan fi shi ƙasa da kamar inci ɗaya. In duk kaya suna gaba, gindin jirgi ya ɗaga, shi ma yana jawo haka.

Hajiya Mai Kifi, Haɗeja: Allah ya yi albarka. Kwanaki kuwa ya ce mini ya daki wani abu a cikin kacala. Zan sa shi ya ja layin gobe.

Ɗan Bagwai: Ina karanta ku tun jiya ban ce komai ba, amma zuciyata ta ƙi. Injiniya, ba na jayayya da iliminka. Tsorona shi ne wani ya karanta wannan ya ce to, tunda akwai farfelar da ke jan kaya, bari in ƙara buhu biyar. Mu nan mun ga abin da ba ma fatan kowa ya gani. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya taso daga Badau zai tsallaka ruwan Watari zuwa Bagwai, cike da ɗaliban Islamiyya za su Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. Lodi ne ya yi yawa. Har yau in na wuce gaɓar nan da yamma sai na tuna takalman yara da aka tara wuri ɗaya. Ɗan'uwa na Guri, ina tambayarka don Allah ba don cin fuska ba: in ka ɗora buhu 18 da mutum shida, nawa ne ke saura tsakanin bakin jirgi da ruwa?

Ɗan Fito, Guri: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Gaskiya zan faɗa maka Yaya, bai fi taƙi ɗaya ba. In iska ta taso, yarona kwarfar ruwa yake yi da kwano har mu isa.

Baba Sarkin Ruwa, Tiga: Taƙi ɗaya! Yaro, ka rage. Ni ba na barin jirgi ya bar gaɓata in ban ga kamu guda a fili ba. Iskar hadari ba ta sallama. Buhu ana dawowa a ɗauka.

Makanike, Haɗeja: Ɗan Bagwai, ka faɗi abin da ya kamata in fara faɗa. Farfela tana sauƙaƙa wa inji ne, ba ta ƙara wa katako ko yatsa ɗaya na tsayi. Akwai ma wani haɗari: a da nishin injin ne yake gaya wa mutum ya yi yawa. In an sa mai 9, inji zai daina ƙorafi, sai mai jirgi ya zaci komai daidai ne. Malam, ka fara tsayar da lodin da jirginka zai ɗauka lafiya, ka ja layi da fenti a jikinsa, sannan mu zaɓi farfela a kan wannan lodin.

Mai Kula da Zaure: Na maƙala wannan saƙon a sama. A kuma riƙa tunawa da rigar ruwa, musamman ga yara da mata.

Ɗan Fito, Guri: Salam jama'a, kwana tara ke nan. Na sauko zuwa buhu 14 da mutum huɗu, na ja layin da jan fenti kamar yadda aka ce. Na je Kano neman farfela. Wani mai shago ya so ya liƙa mini wadda aka yi wa walda a kunne biyu, aka goge aka fesa fenti, ya rantse sabuwa ce. Da na shafa bayan kunnen da yatsa na ji tudu, sai na ajiye masa. A wani shagon na sami 12 1/4 x 9 ta hannu mai lafiya.

Da na cire tsohuwar, sai ga zaren kalli, wato ragar kamun kifi, ya naɗe sandar tam, ya shige ciki har sai da na sa allura na tsamo shi.

Ga gwaji. Da kaya: 4,850, gudu kilomita 18, na auna zuwa da dawowa. Babu kaya: 5,600. Jirgi yana tashi daga gaɓa nan take, kuma in na zo kwana cikin ja yana jin magana. Baba, na ji waƙar da kuka faɗa.

Baba Sarkin Ruwa, Tiga: To ka riƙe ta a kunnenka. Ranar da ta canza ka tsaya ka duba.

Makanike, Haɗeja: Masha Allah. 4,850 da kaya ya yi. Amma 5,600 ya haura iyaka, don haka in za ka dawo wayam kada ka buɗe totur duka, ka ɗan sassauta. Tsohuwar mai 13 kada ka sayar, ka ɗaure ta a cikin jirgi da noti da fil na ajiya, ranar da ka daki dutse za ta kai ka gida. Ina fata ka mayar da washar da ke bayan farfela kafin ka zura ta, ka kuma shafa giris. Zaren kallin nan shi ya fi damuna yanzu, don yana yanka robar da ke tare man giya. Ka tsayar da inji a miƙe, ka kwance ƙusar ƙasa ta ƙafar, ka tari ɗan man a murfin kwalba. In ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga.

Mai Yashi, Wudil: Duk na ji, amma batun mai fa? Shi nake jira.

Ɗan Fito, Guri: Ya ragu Yaya, jarkar da take ƙarewa kafin la'asar yanzu tana kai ni magariba da saura. Sai dai ba zan ce duka farfela ce ba, tunda na rage lodi, na kuma daina murɗe totur har ƙarshe. Injiniya, washa tana ciki, giris ma na shafa. Na kuma duba man giyar yanzun nan. Fari ne.

Makanike, Haɗeja: To kada ka shiga ruwa da shi gobe. Ciro injin ka ɗoro shi a mota ka kawo Haɗeja da safe, a canza robar a zuba sabon mai kafin haƙoran giya su fara tsatsa. Ka taho da agogon ma, Hajiya ta ce layin nasu ya rabu biyu, in sun sa wata farfelar sai mu auna nasu gaba ɗaya.